Tes, murya, layin kira ko motar gaggawa: wanne ya fi ceton mai ciki?

Duk wanda aka damƙa wa kuɗi aka ce ya yi amfani da wayar salula wajen rage mutuwar mata a wurin haihuwa, abin da zai fara cin karo da shi shi ne yawan masu talla. Wannan ya ce saƙon tes ne mafita, wancan ya ce a ƙirƙiro manhaja, wani ya ce a buɗe layin kira kyauta, kowa da hotonsa na wata mata tana murmushi riƙe da waya. Kuɗin ba ya isa a yi duka. Ko da ya isa ma, hanyoyin nan ba ciwo ɗaya suke magani ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata kusan 260,000 ne suka rasu sanadiyyar ciki ko haihuwa, kuma kimanin kashi 70 cikin 100 na wannan adadi a Afirka kudu da Sahara suke. Burin da ƙasashen duniya suka sa wa kansu shi ne kafin 2030 adadin ya sauka ƙasa da mace 70 a cikin kowace haihuwa 100,000. A 2023 yana 197. Tazarar da yawa, lokaci kuma ya ƙure, shi ya sa kuskuren zaɓi ke da tsada.

Tun a 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka kasa abin da ke kashe mai naƙuda gida uku, kuma har yau ban ga ma'aunin da ya fi nasu sauƙin aiki ba. Jinkiri na farko a gida yake: ba a gane haɗari ba, ko an gane amma an tsaya jiran mai yanke shawara. Na biyu a hanya yake: nisa, rashin mota, rashin kuɗin mota, gadar da ruwa ya cinye. Na uku a cikin asibitin kansa yake: an iso amma babu ungozoma, babu magani, babu jini. Kowace hanyar amfani da waya ɗaya take taɓawa daga cikin ukun nan, wata ma gefensa kawai take shafa. Don haka kafin a saurari kowane mai talla, a ɗauko bayanan matan da suka rasu a yankin cikin shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, a bi su ɗaya bayan ɗaya, a ga a wane mataki aka makara. Amsar da aka samu ita za ta yanke rabin shawarar.

Saƙon tes

Shi ne ɗan fari, shi ne kuma mafi sauƙin kafawa. Kowace waya tana karɓarsa, ba ya bukatar data, idan wayar na kashe zai jira har a kunna, kuma ana iya komawa a sake karantawa. Ana rajistar mace da watannin cikinta, na'ura ta riƙa tura mata abin da ya dace da makon da take ciki: ranar awo ta zo, ga amfanin maganin ƙarin jini, ga alamun da ba a kwana da su a gida.

Shaidar da aka fi kafa hujja da ita daga Zanzibar ta fito. A shirin Wired Mothers, wanda aka gwada a 2009 zuwa 2010 a cibiyoyin lafiya 24 da mata 2,550, kashi 60 cikin 100 na matan da ke samun saƙo sun haihu a hannun ƙwararru, waɗanda ba sa samu kuwa kashi 47. Zuwa awo sau huɗu ko fiye ya kai kashi 44, a ɗaya ɓangaren kashi 31. Alƙaluma ne masu daɗin ji, amma akwai abu biyu da masu talla kan tsallake. Na farko, ba tes kaɗai aka ba matan ba, har da katin waya domin su kira ma'aikaciyar lafiya idan wani abu ya taso. Na biyu, ƙaruwar haihuwa a hannun ƙwararru a birni aka gan ta. A karkara, inda mutuwar ta fi yawa, kusan ba a ga wani bambanci ba. A nawa ganin wannan ba abin mamaki ba ne. Matar birni da aka tuna wa asibiti za ta iya tashi ta je. Ta karkara ta san da asibitin tun tuni, hanyar zuwa ce babu.

Akwai kuma matsalar karatu, wadda kowa ya sani, da wata ƙarama da sai wanda ya biya kuɗin saƙo ya san ta. Saƙon tes guda yana ɗaukar harafi 160 idan da haruffan boko na yau da kullum aka rubuta shi. Da zarar an sa harafi ɗaya da ba ya cikin wannan jeri, kamar haruffa masu lanƙwasa, ko rubutun Larabci, na Amharik ko na Hindi, sai ya koma harafi 70. Saƙon da aka yi wa kasafin guda ɗaya ya zama uku, wasu tsofaffin wayoyin ma sai su nuna akwatuna a maimakon rubutu. Idan mata dubu ɗari ake tura wa sau biyu a mako, wannan ɗan bambanci shi zai cinye kasafin shekara kafin a kai rabinta.

Saƙon murya

A nan na'ura ce ke kiran mace, ta ɗauka, ta ji muryar da aka naɗa a harshenta. Lokacin da aka fara shirin Mobile Midwife a arewacin Ghana a 2010, an ba mata zaɓi tsakanin tes da murya, kusan dukkansu murya suka zaɓa. Wannan kaɗai ya isa darasi.

Indiya ce ta kai abin ƙololuwa. Shirin Kilkari, wanda BBC Media Action ta fara a jihar Bihar a 2013 kuma gwamnatin ƙasar ta ɗauka a 2016, yana kiran mace sau ɗaya a mako, saƙo 72, tun daga wata na huɗu na ciki har yaro ya shekara. Muryar wata ƙirƙirarriyar likita ce da ake kira Dakta Anita, mata da yawa kuma sun saba da ita kamar 'yar gida. Miliyoyin iyalai ne suka shiga shirin, babu irinsa a girma. To amma da aka yi masa gwaji na tsanaki a jihar Madhya Pradesh, babban abin da aka sa a gaba, wato shayar da nonon uwa zalla, bai motsa ba. An dai ga ƙaruwa kaɗan wajen amfani da hanyoyin tazarar haihuwa. Ba na ɗaukar wannan a matsayin faɗuwa. Abin da ya nuna shi ne iyakar abin da minti ɗaya ko biyu na magana a mako zai iya yi wa ɗabi'ar da mutum ya taso ya tarar.

Murya ta fi tes tsada, domin minti ake biya. Kuma tana da raunin da tes ba shi da shi: dole a ɗauka a lokacin da aka kira. A ce an sa na'ura ta kira da ƙarfe goma na safe. Lambar da ke cikin rajista ta maigida ce, shi kuwa ya fita nema da wayar a aljihunsa. Ya ɗauka, ya ji muryar mace tana maganar ciki, ya kashe. A kwamfutar masu shirin an rubuta cewa saƙo ya isa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin rahoton ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta GSMA na 2024 ya nuna cewa a ƙasashe masu tasowa yiwuwar mace ta mallaki waya ta gaza ta namiji da kashi 8 cikin 100, ta amfani da intanet a waya kuma da kashi 15. Matan da suka fi shiga haɗari su ne suka fi yawa a cikin marasa wayar.

Masu wayo sun mai da wannan rauni ƙarfi. Shirin Aponjon na Bangladesh ya tanadi saƙo na daban ga miji da uwar miji, tunda su ne kan ce a tafi asibiti ko a dakata. Ƙungiyar ARMMAN ta Indiya, a shirinta na mMitra, takan bar mace ta zaɓi lokacin da za a riƙa kiranta. Duk wanda zai zaɓi murya ya kwaikwayi waɗannan biyun, ya kuma sa na'urar ta sake gwadawa idan ba a ɗauka ba, sannan mace ta iya yin filashin a kira ta ba tare da katinta ya tafi ba.

WhatsApp ba sai an daɗe a kansa ba. Ya fi tes araha ga mai turawa, yana ɗaukar hoto da murya da bidiyo, ana ganin an karanta ko ba a karanta ba. Sai dai yana bukatar babbar waya da data, wato ya mai da nauyin biya kan matar. A birni ƙari ne mai kyau. Wanda ya gina shirinsa a kansa shi kaɗai ya zaɓi yi wa masu hali aiki, ko da bai yi nufin haka ba.

Layin da ake amsawa

Duk abin da aka ambata a sama magana ce ta gefe ɗaya, kuma na'ura ba ta san halin da mace ke ciki yau ba. Tana iya tura mata bayani kan cin abinci mai gina jiki a ranar da kanta ke sara, idonta na gani dishi-dishi, fuskarta ta kumbura, alamun da ke gaban jijjiga. Abin da take bukata a ranar shi ne wanda za ta faɗa wa, ya ce mata kada ki kwana, tashi yanzu.

A nan ne nake ganin wayar ta fara biyan kuɗinta. Ma'aikatar Lafiya ta Afirka ta Kudu ta ƙaddamar da MomConnect a watan Agustan 2014. Ana rajistar mace a wurin awo, tana samun saƙonni a harshen da ta zaɓa, amma abin da ya bambanta shi shi ne teburin amsa tambayoyi: mace na iya mayar da saƙo ta yi tambaya, ko ta kai ƙorafi kan yadda aka karɓe ta a asibiti, ƙorafin kuma a miƙa shi ga hukuma. A Malawi, ƙungiyar VillageReach ta fara layin Chipatala Cha Pa Foni a gundumar Balaka a 2011 domin mata masu ciki da yara, kira kyauta, ma'aikatan lafiya ke amsawa. Daga baya ya game ƙasar, Ma'aikatar Lafiya ta karɓi ragamarsa. A Kenya kuma Jacaranda Health na da PROMPTS, inda mata ke turo tambaya ta tes, kwamfuta ta tace, ta ɗago waɗanda ke da alamun haɗari zuwa sama domin ma'aikaciya ta fara da su.

Tsadar wannan hanya ba a na'ura take ba, a albashi take. Ana bukatar nas ko ungozoma da ta san aiki, dare da rana, har ranar hutu, a harsunan da mutanen yankin ke ji. A ƙasashen da ungozomomi suka yi ƙaranci, duk wadda aka zaunar a ɗakin amsa waya an cire ta ne daga ɗakin haihuwa, sai a auna wannan da kyau. Amsa tambaya ta tes ta fi sauƙi, don mutum ɗaya zai iya kula da mata da yawa a lokaci guda, amma ta dawo da mu kan matsalar karatu, kuma amsar da ta zo bayan awa shida ba ta da amfani ga mai zubar jini. Kira ya fi tsada, ya kuma fi sauri. Inda aka haɗa su, wato tambayoyin yau da kullum ta tes, gaggawa ta kira, an fi samun daidaito.

Haɗari mafi girma a wannan hanya shi ne a tallata lamba sannan a kasa amsawa. Matar da ta kira sau biyu cikin dare ba a ɗauka ba, ba za ta sake kira ba, kuma za ta faɗa wa maƙwabtanta. Gara a buɗe layi a gunduma ɗaya yana aiki da a buɗe wa ƙasa guda yana ƙara a banza.

Wayar a hannun ma'aikaciya

Akwai wata hanya da ke kauce wa matsalar mallakar waya da ta karatu gaba ɗaya: a bar matar, a ba ma'aikaciyar lafiya ta unguwa wayar. Ita ta iya karatu, ita ke shiga gida gida, waya ɗaya kuma ta wadatar da mata da dama.

Ruwanda ta bi wannan hanya da RapidSMS. Ma'aikatan sa-kai na ƙauyuka suna rajistar kowane ciki ta gajeren saƙo, na'ura na tuna musu wadda lokacin awonta ya yi, idan kuma aka ga haɗari sai su tura saƙon gaggawa da ke isa asibiti da mai motar ɗaukar marasa lafiya a lokaci guda. An fara a gundumar Musanze, daga baya aka faɗaɗa zuwa ƙasar baki ɗaya. Binciken da aka yi bayan haka ya fito da abin da ya kamata kowane mai kasafi ya riƙe: a gundumomin da aka ba da tsarin shi kaɗai ba a ga canjin a-zo-a-gani ba, sai a inda aka haɗa shi da ƙarin horo, kayan aiki da sa ido.

Wani nau'in kuma na koyarwa ne. Manhajar Safe Delivery, wadda gidauniyar Maternity Foundation ta Denmark ta yi tare da jami'o'in ƙasar, tana ɗauke da gajerun bidiyo na zane da ke nuna yadda ake tsayar da zubar jini, yadda ake ciro mabiyiya idan ta maƙale, yadda ake farfaɗo da jaririn da bai yi numfashi ba. Da zarar an sauke ta, ba ta bukatar intanet. A gwajin da aka yi a Habasha, ilimi da ƙwarewar ma'aikata wajen farfaɗo da jarirai sun ƙaru sosai. Mutuwar jarirai ma ta yi ƙasa, amma ba ta kai matakin da masu lissafi za su ce tabbas manhajar ce sanadi ba. Ga ungozomar da ke ita kaɗai a ƙaramin asibiti, wadda rabonta da horo an yi shekaru, ban san wani abu mai arahar wannan da ya kai shi amfani ba. Ita ce kusan hanya ɗaya a cikin jerin nan da ke taɓa jinkiri na uku.

Matsalolinta na yau da gobe ne: caji, allon da ya fashe, wayar da aka sace, kuɗin data da ba a turo ba. Mafi muni shi ne aiki biyu. A wurare da yawa an ba ma'aikaciya manhaja ba a ɗauke mata rajistar takarda ba, sai ta cika wannan ta cika wancan, ga layin mata na jiranta. Idan kuma ƙungiyoyi uku ke aiki a yankin, kowacce da tata manhajar. Abin ya taɓa yi wa Uganda yawa har a 2012 gwamnati ta dakatar da sababbin gwaje-gwajen irin wannan sai an daidaita su.

Kiran mota

Masana sun daɗe da ƙiyasta cewa zubar jini mai tsanani bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu idan ba a yi komai ba. Doguwar naƙuda kan ba da kwanaki, zubar jini ba ya jira. Cikin awa biyun nan ne za a gane, a yanke shawara, a nemo mota, a yi ciniki, a kama hanya.

Shirin m-mama na Tanzaniya, wanda gidauniyar Vodafone ta fara tare da gwamnati a yankunan Sengerema da Shinyanga, a kan wannan ya tsaya. A ce ƙarfe biyun dare ne, mace ta haihu a gida ko a ƙaramin asibiti, jini ya ƙi tsayawa. Wani ya kira lambar kyauta. Ma'aikaciyar da ta ɗauka tana da jerin tambayoyi a gabanta: wata nawa, tun yaushe, tana magana ko ta suma. Daga amsoshin za ta san girman haɗarin da asibitin da zai iya. Idan motar asibiti na kusa, ita za a tura. Idan babu, akwai direbobin haya na yankin da aka riga aka yi wa rajista da ɗan horo, sai a kira mafi kusa. An yanke kuɗin kowace tafiya tun kafin ranar, ana biyan direba ta M-Pesa, wato tsarin tura kuɗi ta waya, bayan ya sauke, iyalin ba sa ba da ko kwabo. Kafin motar ta isa an sanar da asibiti ga mai zuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, duk cinikin da zai ci rabin awa a tsakar dare an gama shi tun da rana tsaka. A 2022 Shugaba Samia Suluhu Hassan ta ƙaddamar da faɗaɗa shirin zuwa ƙasar baki ɗaya, an kuma kai shi Lesotho.

A cikin hanyoyin nan duka, wannan ce ta fi kusa da lokacin da ake mutuwa, kuma inda bayanai suka nuna a hanya mata ke cikawa, ita zan sa a gaba ba tare da dogon tunani ba. Amma ita ce mafi wuyar gudanarwa. Kowace tafiya kuɗi ce a hannu. Ranar da aka fara yi wa direbobi jinkirin biya, ranar za su fara kashe waya da dare. Tana bukatar sabis a ƙauyen da ake kira, da hanyar da mota ko babur mai ƙafa uku zai bi. Kuma tana da wani sharaɗi da ya fi ƙarfin waya.

Sharaɗin shi ne abin da za a tarar a ƙarshen tafiyar. Idan aka kai mace asibitin da ba shi da allurar oksitosin mai kyau ta tsayar da zubar jini (tana lalacewa idan ba a ajiye ta a sanyi ba), ba shi da magnesium sulphate na jijjiga, ba shi da jini ko mai yin tiyata, an canja mata wurin mutuwa ne kawai. Yana da kyau mai zaɓi ya san cewa ɗaya daga cikin manyan nasarorin shekarun nan ba ta da alaƙa da waya ko kaɗan. Binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, a asibitoci 80 na Kenya, Najeriya, Afirka ta Kudu da Tanzaniya, da mata sama da 200,000, ya yi amfani da wata leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai haihuwa don a ga yawan jinin da ya zuba, sannan a ba da magungunan tsayar da jini tare a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayansa ya ragu da kashi 60 cikin 100. Ban san wani shirin saƙo da ya kusanci wannan wajen rage zubar jini ba. Idan asibitocin yankinka ba su da waɗannan abubuwa, kuɗin wayar ya fara zuwa can.

To, wanne?

Idan a birni ne ko kewayensa, asibiti na kusa, yawancin mata na karatu, matsalar ita ce makara wajen fara awo ko yanke shi a tsakiya (tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga shawararta daga zuwa huɗu zuwa takwas), tes da WhatsApp sun wadatar, da sharaɗin akwai mai amsawa idan aka mayar da saƙo. Tes marar amsa shi ne na ƙarshe a jerina, duk da shi aka fi saya, domin shi ya fi sauƙin rubutawa a rahoto.

Idan karkara ce mai ƙarancin karatu amma akwai ma'aikatan lafiya na unguwa, a ba su wayar, a sa musu manhajar koyarwa, a biya musu data a kan lokaci, a rage musu takardu. Saƙon murya ga iyalai ya biyo baya a matsayin ƙari, da na miji a ciki. Idan kuwa nisa ne ke kisa, kuma akwai aƙalla asibiti ɗaya da ke iya tiyata da ƙarin jini a kowane lokaci, layin gaggawa da direbobi ne, ko da zai cinye kasafin duka. Layin shawara da na mota kuma gara su zama lamba ɗaya, gajera, don mutumin da ke cikin ruɗu ba zai tuna biyu ba.

Kowacce aka zaɓa, a tambayi wanda zai biya a shekara ta huɗu. Shirye-shiryen da suka rayu, irin su MomConnect, Kilkari da layin Malawi, duk sun shiga hannun gwamnati, wasu kuma sun samu rangwame daga kamfanonin sadarwa. Waɗanda suka dogara da mai ba da tallafi ɗaya sun ga abin da ya faru a farkon 2025, lokacin da Amurka ta dakatar da mafi yawan ayyukan hukumarta ta ba da tallafi ga ƙasashen waje, USAID. Yarjejeniya da kamfanin waya kan kira kyauta, a rubuce, ta shekaru, ta fi kyawun manhaja muhimmanci.

A kuma kula da sirri, tunda an san wayar ba ta mutum ɗaya ba ce. Kada saƙo ya ambaci cutar da mace ke ɗauke da ita, kada ya tona cikin da ba ta riga ta faɗa ba, a tambaye ta tun wurin rajista ko akwai mai duba wayar. Dole kuma a samu hanya mai sauƙi ta tsayar da saƙo. MomConnect ya tanadi wannan ga wadda ta yi ɓari ko jaririnta ya rasu, domin in ba haka ba na'ura za ta ci gaba da gaya mata cewa yau ɗanta ya cika wata uku, a kai shi riga-kafi.

Wurin sa hannu a kwangila, kada a yarda a auna aikin da yawan saƙon da aka tura ko yawan matan da aka yi wa rajista, don waɗannan kullum suna hawa. A nemi a riƙa kawo kashi nawa na kiran murya aka saurara har ƙarshe, kuma wa ya saurara. A nemi minti nawa ake ɗauka kafin a amsa tambayar gaggawa, minti nawa tsakanin kira da isowar mota, mata nawa cikin waɗanda aka tura asibiti suka isa, nawa kuma aka sake turawa gaba saboda babu kayan aiki. Kafin a biya kashi na biyu na kuɗin, wani daga ofis ya tafi ƙauye mafi nisa a yankin, ya ari ƙaramar waya mara kati, ya kira lambar da ƙarfe biyun dare, ya rubuta abin da ya faru.